Daren AMVCA: Zango ya kalli riguna, wa ya kalli fim?

Ranar Asabar 10 ga watan Mayu 2025 aka yi bikin karrama 'yan fim na Africa Magic, wanda aka fi sani da AMVCA, karo na 11, a otal ɗin Eko da ke Legas. Kamfanin MultiChoice mai DStv da GOtv ne ke shirya shi tun 2013, kuma ana haska shi kai tsaye a tashoshin Africa Magic. Da yake agogon Legas ya riga namu na Ghana da awa ɗaya, taurari sun soma taka jan kafet wajen ƙarfe 3, dab da la'asar, shi kuwa rabon kyaututtukan ya kankama ƙarfe 6, ladanai na shirin kiran magariba. Ko wanda ke da DStv a gida sai da ya tashi ya yi alwala. Saura kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, a waya suka ga bikin, gutsure-gutsure, daƙiƙa ashirin nan, talatin can.

Kafin gari ya waye hotunan sun gama Nima da Mamobi da Sabon Zango, sun kai Aboabo da Asawase a Kumasi. Wajen mai koko da ƙosai maganar ke nan, a cikin trotro ita ce, da daddare wajen shan ataya ma ita ce. Amma ka tsayar da mai surutun ka tambaye shi wane fim ne ya zo na ɗaya, sai ya yi maka shiru, ko ya kira sunan wata riga. Amsar dai ita ce Freedom Way, kuma za mu zo kansa, domin ya fi kowace riga kusa da rayuwar yaranmu.

'Yar gida a Legas

Wadda aka fi ambata a nan Ghana ita ce Nana Akua Addo. Shekara da shekaru ta yi suna da kayan da sun fi kama da sassaƙa ko gini, kuma a 2025 ta fito da riga mai wasu sassa da ke motsi da kansu, kamar an sa mata inji. Nan take tsohuwar gasar nan ta Ghana da Najeriya ta tashi, wadda aka saba yi a kan dafa-duka da ƙwallo. Wai 'yar Ghana ta je har gidansu ta kashe musu baki.

Abin dariyar shi ne, a Zango, inda kakannin mutane da yawa daga Kano da Katsina da Sakkwato suka zo fatauncin goro, babu wanda ya tsaya wa Najeriya a wannan dare. Kuma bakin da ya ce a'uzubillahi da ya ga wata riga, shi ne bayan minti biyu ya ce ai Ghana ce ta ci.

To, me Ghana ta ci? Akwai lokacin da a wannan dandali da fim ake kiran sunan ƙasar nan. A bikin farko na 2013 Jackie Appiah ta karɓi kyautar jarumar da ta fi fice, a 2014 kuma fim ɗin Shirley Frimpong-Manso mai suna Contract ne ya zama gwarzon shekara. Yau in an ce Ghana a AMVCA, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne wa ta sa me. Ban ce laifin Nana Akua ba ne. Sana'arta ke nan, kuma ta iya ta. Tambayar ta masu shirya finafinai ce da masu zuba musu kuɗi.

Maganar tsiraici

Babu yadda za a yi irin waɗannan hotuna su shigo unguwar Musulmi a ƙi yin maganar sutura. An yi ta a gidaje, an yi ta a majalisun dattawa, kuma wanda ya ce ba ya so 'yarsa ta kwaikwayi rigar da ta bar ƙirji da baya a waje, ya faɗi gaskiyarsa, ni ma ina tare da shi. Inda muke rabuwa shi ne wajen zagi.

Mafi yawan matan da suka taka kafet ɗin nan ba addininmu ɗaya ba, ba kuma garinmu ɗaya ba, ba su taɓa yi mana alkawarin za su yi shiga irin tamu ba. Mu kuma a ƙasar nan, bisa ƙidayar 2021, ba mu kai kashi 20 cikin 100 cif ba, wato a cikin mutum biyar ɗaya ne namu. Shekara nawa muka yi muna roƙon a bar 'yan matanmu da mayafinsu a makarantun gwamnati, a bar ma'aikatan jinya da hijabinsu a asibiti? Hujjarmu kullum ita ce, suturar mutum tasa ce, a girmama ta ko da ba a fahimce ta ba. Maƙwabcin da ya ji mu da wannan hujja ranar Litinin, sannan ya ga irin ashar ɗin da wasunmu ke rubutawa a ƙarƙashin hoton wata baiwar Allah ranar Asabar, me zai ɗauka? Ana iya ƙin abu ba tare da an ci mutuncin mai shi ba.

Sai kuma wani abu da ba a cika son a faɗa ba. Hoton nan bai zo wayarka da ƙafarsa ba. Wani ne ya turo, kuma sau da yawa mai turowar shi ne ya rubuta innalillahi a ƙasa. Ya tura wa dangi, ya tura wa abokan aiki, ya sa a inda duk mai lambarsa zai gani. Ita mai rigar ba ta san rubutun da ya yi ba, abin da ta sani shi ne adadin masu kallo ya ƙaru, kuma da wannan adadin take karɓar tallace-tallace. Wato mai Allah-wadai ya yi mata aiki kyauta.

Idan mai rigar tamu ce kuwa, abin ya fi muni. Masu bin finafinan Kannywood ba su manta da Rahama Sadau ba. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kore ta daga masana'antar saboda bidiyon wata waƙa da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ. A watan Nuwamba 2020 ta sa hotunanta da riga mai buɗaɗɗen baya, wani ya zo ƙarƙashin hoton ya rubuta kalaman ɓatanci, aka yi mata ca, har ta goge hotunan ta fito tana kuka tana neman afuwa. Wanda ya rubuta ɓatancin ba a ma cika tuna shi ba. Duk 'yar fim Musulma da za ta je irin wannan biki ta san da wannan tarihi a ranta. In ta rufe jiki ruf, masu ɗaukar hoto su wuce ta. In ta saki kaɗan, gida ya kama da wuta. Abokin aikinta namiji kuwa babbar riga zai zuba ko kwat, ya yi hoto da wanda ya ga dama, ba mai ce masa kanzil.

Abin da kyamara ba ta nunawa

Wanda bai san kan abin ba zai ɗauka matan nan kasuwa suka je suka sayi kayan biki kamar yadda ake sayen kayan sallah. Jan kafet kasuwa ce da kanta. Duba ƙarƙashin kowane hoto a Instagram, za ka ga jerin sunaye: wanda ya zana rigar, wanda ya haɗa kayan, mai kwalliya, mai gyaran gashi, mai ɗaurin kai, mai hoto. Kowannensu talla yake yi. Riguna da dama ba saye ake yi ba, mai ɗinkin ne ke bayarwa a sa masa a nuna, gobe a mayar. Hotunan da suka fi yawo ma ba a wajen bikin aka ɗauke su ba, a ɗakin hoto ne tun da rana, da fitilu, da wanda ke riƙe da jelar rigar a gefe, sannan a bi da kwamfuta a goge duk wani ƙwarzane.

Kuɗin da ake ambata shi ma wani ɓangare ne na tallan. A 2023 Tacha, wadda ta yi suna a shirin Big Brother Naija, ta ce rigarta ta ci dala 20,000. Ita ta faɗa, kuma faɗar ce ta sa aka kwana ana maganarta. Masu shirya bikin su ma sun gane inda idon jama'a yake. A 2020 sun fito da kyauta ta musamman ga wanda ya fi iya ado, kuma a ɓangaren mata Mercy Eke ce ta ɗauka, wadda ita ma daga gidan Big Brother ta fito, ba daga wani fim ba. Saboda haka in an ce riga ta danne fim a AMVCA, masu gidan ne suka buɗe mata ƙofa.

Yawancin waɗannan riguna kuma ba na zama ba ne. A cikinsu akwai koset, wato wani abu mai ƙarafuna ko robobi a jere da ke matse ciki da haƙarƙari, shi ke riƙe da nauyin rigar duka tun da babu hannu babu kafaɗa. A kansa ake ɗora duwatsu da ake liƙawa ko ɗinkawa ɗaya bayan ɗaya da hannu, aikin da mutane da yawa ke taruwa a kai na makonni. Mai sanye da ita ba ta iya sunkuyawa, numfashi ma da dabara take yi, wata sai an ɗaga ta an sa a mota. Rigar awa uku ce, an yi ta ne domin tsayuwa a gaban kyamara.

Wahalar telan Zango

A nan ne maganar ta shigo gidajenmu da gaske. A lokacin bikin, babbar sallah saura ƙasa da wata guda, bayanta kuma bukukuwan aure za su biyo. A waɗancan kwanaki babu shagon ɗinki a Zango da ba a miƙa wa mai shi waya an ce ga abin da nake so ba.

Wata mai ɗinki a layinmu, wadda ta fi shekara ashirin a kan keke, ta kwatanta min yadda abin ke kasancewa. Yarinya za ta zo da leshi yadi biyar da hoton tauraruwa, ta ce irin wannan sak, amma Anti a sa min dogon hannu, a rufe ƙirjin, a rufe bayan, a cike tsagar, kuma kar ya matse ni don zan yi sallah da shi. In ka cire duk waɗannan me ya rage na rigar da ke hoton? Ita rigar an gina ta ne a kan matsewa da buɗewa. Da zarar an sa hannu da shafi mai kauri an saki ƙugu, nauyin duwatsun ya koma kan kafaɗa, sai ta zube ta zama wani abu dabam. Ranar karɓa a yi ta rigima. Mai kaya ta ce an ɓata mata yadi, mai ɗinki ta ce abin da aka ce shi ta yi. A ƙarshe a ɗauki hoton ɗinkin a jera da na tauraruwar a watsa, duniya ta yi wa tela dariya, ba mai tambayar nawa aka biya ta, ko kwana nawa aka ba ta.

Ga shi kuma kuɗin wuta ya ƙaru a farkon watan Mayun 2025, zare da duwatsu da shafi duk daga waje suke zuwa, masu sayen kayan haɗi a Kantamanto a lokacin ba su gama farfaɗowa daga gobarar watan Janairun 2025 ba. Tela ba ta iya ƙara kuɗin ɗinki yadda ya kamata, domin mai kawo kayan 'yar maƙwabta ce, uwarta ƙawarta ce.

Sai amare. Auren Zango dama can yana da nauyi: ga lefe, ga yayi, wanda 'yan Najeriya ke kira anko, ga canjin kaya sau uku ko huɗu a yini ɗaya. Yanzu an ƙara da rigar shiga fili, wadda dole sai ta yi kama da ta jan kafet, da mai kwalliya, da mai bidiyo da zai bi amarya tun daga ɗaki. Ita tauraruwar aron rigar aka ba ta, hoton kuma zai jawo mata kwangilar talla. Amaryarmu da kuɗin adashin uwarta za a ɗinka tata, ta sa sau ɗaya, a ninke a sa a akwati. Duk wanda ke zaune a Zango ya san gidan da aka shekara ana biyan bashin biki, wani lokaci ma auren ya riga bashin ƙarewa. Malamai sun yi wa'azi a kan wannan har sun gaji, amma wa'azi na mako-mako ne, waya kuwa tana hannu dare da rana.

Ba na cikin masu cewa a rufe ido. Telolinmu suna da abin da na Legas ba su da shi, wato sanin yadda ake fitar da mace tsaf alhali a rufe take. Wanda ya taɓa ganin fitowar matan Nima ko Aboabo ranar sallah ya san abin da nake faɗi: shadda mai aiki, leshi, ɗaurin kai, mayafi da ya dace da takalmi. Wannan kasuwa ce babba, daga Abijan har Kano, kuma mata Musulmi masu kuɗi suna neman mai yi musu. Abin da ya hana telan Zango cin wannan kasuwa bai wuce rashin hoto mai kyau da rashin sa sunanta a kan aikinta ba. Amarya za ta ambaci mai kwalliya da mai hoto, ta manta da wadda ta kwana uku a kan keke. Wannan darasi ɗaya dai ya kamata a ɗauko daga jan kafet, ko da an bar sauran.

Litinin a aji

Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, kuma 'yan ajin ƙarshe a lokacin saura wata guda su zauna jarrabawar BECE. Ranar Litinin da ta biyo bayan bikin, bayan littattafan 'yan mata da dama cike yake da zanen riguna. Wasu zanen, wallahi, sun fi abin da aka kwaikwaya tsari.

Sai muka mayar da shi darasi. In za a yanka siket mai faɗin da'ira, yaya tela ke sanin girman ramin da za ta yanke a tsakiya? Awon ƙugu shi ne kewayen da'irar, saboda haka a raba shi da 6.28. Ƙugu mai inci 28 zai ba da kusan inci 4 da rabi, daga nan ake aunawa a zagaya. Yaran da suka yi wata biyu suna faɗa da wannan lissafi a kan allo, cikin minti goma suka kama shi, har wata ta ce ai haka yayarta ke yi da tef da alli, ba ta dai san sunansa ba ne.

Manhajar ƙaramar sakandare tana da ɗinki a cikin darasin sana'o'i, amma makarantu nawa ne ke da keke ko guda ɗaya? A allo ake zana shi, yara su haddace sunayen sassansa. A gida kuma har yanzu ɗinki shi ne inda ake tura yarinyar da aka ce boko ya ƙi ta. Alhali Veekee James, wadda manyan taurarin Legas ke layi a ƙofarta, a Ajegunle ta taso, unguwar da ba ta fi Nima komai ba. Yarinyar da ke zane a bayan littafi, in iyaye sun ga rigar kawai za su ƙwace littafin. Da sun duba da kyau, da sun ga hannun da ke iya ciyar da gida.

Ina Hausa ta shiga?

Ga wani abu da ya wuce mu muna can muna gardamar riguna. Shekaru da dama AMVCA tana da kyauta ta daban domin finafinan Hausa, kamar yadda Yarbanci da Igbo da Swahili ke da tasu. A nan Mansoor na Ali Nuhu ya yi nasara a 2018, Voiceless kuma a 2022. Ko ba komai, an san duk shekara za a kira wani ya hau dandali saboda ya yi fim da harshenmu.

Daga 2024 aka rushe wannan tsari. Aka haɗe harsunan gida bisa yanki: Afirka ta Yamma kyauta ɗaya, ta Gabas ɗaya, ta Kudu ɗaya. A shekarar farko Jagun Jagun na Femi Adebayo ya ɗauka, a 2025 kuma Lisabi: The Uprising, labarin jarumin Egba da ya yi wa daular Oyo tawaye. Duka biyu na Yarbanci ne, duka biyu a Netflix aka nuna su, da kuɗi masu kauri a bayansu. A 2025 Mai Martaba na Prince Daniel Aboki yana cikin 'yan takara, fim ɗin Hausa da Najeriya ta aika gasar Oscar ta Amurka a madadinta, amma bai kai labari ba.

Wannan rukuni kuwa ƙuri'ar masu kallo ce ke yanke shi, ba alƙalai ba. A nan ne nake ganin muna da abin faɗa wa kanmu. Masu jin Hausa sun kai miliyoyi daga Ghana har Sudan, kuma muna kallon fim, wanda ya ga yadda ake jiran sabon Labarina ko Izzar So a gidajen Zango ba zai yi musu ba. Sai dai a YouTube da Arewa24 muke kallo, ba mu san ranar da aka buɗe zaɓe ba, ba mu san ranar da aka rufe ba. Mutum nawa ne a cikin waɗanda suka ƙona data suna tura hoton riga suka jefa wa Mai Martaba ƙuri'a? Za a iya cewa tsarin bai yi wa ƙananan masana'antu adalci ba, kuma haka ne, fim ɗin da aka yi da kuɗin aljihu ba zai kara da na Netflix ba. Amma ƙuri'a kyauta ce.

Duk da haka daren bai tashi a banza ga Hausa ba. An ba Sani Mu'azu kyautar girmamawa ta tsawon hidima, shi da Nkem Owoh. Mutumin Jos ne, tsohon shugaban MOPPAN, wanda masu kallon Kwana Casa'in suka sani da Gwamna Bawa Maikada, ya kuma fito a Lionheart na Genevieve Nnaji. Shekaru masu yawa ya yi yana wasa da Hausa da Turanci, yana shiga Kudu yana dawowa Arewa. A wayoyin da na leƙa a wannan mako, in an sami bidiyonsa ɗaya, na riguna sun fi hamsin.

Fim ɗin da ya ci

Sauran manyan kyaututtukan ba sa buƙatar dogon bayani. Seven Doors ya ba Femi Adebayo da Chioma Chukwuka kyautar jarumi da jaruma, Awam Amkpa ya zama gwarzon darakta da The Man Died.

Freedom Way, wanda Afolabi Olalekan ya ba da umarni, Blessing Uzzi ta rubuta, labarin wasu matasa ne a Legas da suka kafa kamfanin kiran babur ta waya, sai gwamnati ta wayi gari ta hana sana'ar. Daga nan fim ɗin ya bi yadda doka guda ta taɓa mutane dabam-dabam: ɗan okada mai iyali da ya rasa abin yi, 'yan sanda a kan titi, likita a asibiti. Ba ƙirƙira ce tsagwaronta ba. A watan Fabrairu 2020 gwamnatin Legas ta hana babura a manyan sassan birnin, kamfanoni irin su Gokada suka durƙushe, dubban masu tuƙi suka rasa abinci, da yawansu 'yan Arewa.

Wanda ke zaune a Ashaiman ko Madina ko Nima ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari. A nan Ghana dokar hanya ta 2012 ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma kowa ya san okada ke kai rabin unguwa aiki da asibiti. Zuwa 2025 samarinmu sun shekara goma sha uku suna sana'ar da doka ba ta san da ita ba, kullum cikin wasan ɓuya da ɗan sanda, wanda ya faɗi ya karye kuma babu inshorar da za ta dube shi. Shugaba Mahama ya yi alkawarin halatta sana'ar tun lokacin kamfe, kuma a 2025 an yi ta maganar sharuɗɗan da za a gindaya: shekarun mai tuƙi, lasisi, shiga ƙungiya ko kamfani. Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan zai iya raba wani yaro da babur ɗinsa ko ya tabbatar masa da shi. Tsofaffin ɗalibaina da ke kan okada yanzu sun fi goma, wasunsu su ke biya wa ƙannensu kuɗin jarrabawa.

Alƙalai a Legas sun zauna sun ce, a duk finafinan shekara, wanda ya yi magana a kan ɗan okada shi ne na ɗaya. Su kuma 'yan okadan da ke bakin titin Nima, a daren Lahadi, suna zaune a kan baburansu suna miƙa wa juna waya, ana gardamar ko batir ne ke juya rigar Nana Akua ko wani ne ke riƙe da rimot a bayanta.